Yadda Ake Sa wa Kwamanda Mai Ƙarfi Linzami a Wasan Magic

Wanda ya saba da Whot ya san cewa a tsakiya ake ajiye kati, kowa ya ja daga tari ɗaya, don haka ba mai zuwa wurin wasa da fifiko a aljihunsa. Magic: The Gathering, wasan da masanin lissafi Richard Garfield ya ƙirƙira, kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ya fitar a 1993, tsarinsa daban ne. Kowane ɗan wasa a gida yake zama ya tsinci katunansa daga cikin dubbai, ya haɗa ɗaurinsa, ya zo da shi. Salon da ya fi karɓuwa a wasan nishaɗi, wanda ba gasa ba kuɗi a cikinsa, shi ne Commander. Wasu abokai ne suka fara shi a Alaska da sunan Elder Dragon Highlander, wani alƙalin wasa mai suna Sheldon Menery ya yaɗa shi, sannan kamfani ya fara sayar da ɗaurinsa a haɗe a 2011. Galibi mutum huɗu ne ke zama, kowa da makin rai 40 da kati 100, kuma ba a maimaita kati sai katunan fili na gama-gari. Ɗaya daga cikin ɗarin nan shi ne kwamanda. Ba a cakuɗa shi cikin sauran, a gefe yake zaune kowa na ganinsa, mai shi na iya kiransa duk lokacin da ya sami abin biya, in an kashe shi ya koma gefe, sai dai kowane sabon kira yana ƙara biyu a kan farashinsa.

Nan ne matsalar take. Sauran kati 99 sa'a ce ke kawo su hannu, kwamanda kuwa yana nan a kowane wasa, tun daga farko. Idan ya fi ƙarfin na sauran mutum ukun, to fifikon ba na yau kaɗai ba ne, na kullum ne, kuma ba a jimawa abokan wasa su gaji. Wasu su fara haɗa kai su fitar da mai shi tun bai yi komai ba, wasu su fara samun uzuri ranar wasa. Abin da nake so in nuna shi ne ana iya riƙe irin wannan kwamanda a wasan nishaɗi, amma da sharaɗi guda: a taƙaita shi lokacin haɗa ɗauri, kuma a taƙaita shi daidai inda ƙarfinsa yake fitowa. Yawancin masu gwada abin suna gazawa ne don sun yanke a wurin da ba shi ba ne, sun rage kuɗin ɗauri ko sun cire katunan kare kai, alhali tushen ƙarfin yana nan ba a taɓa shi ba.

Aikin farko shi ne ka karanta katin kwamandanka ka tambayi kanka wace doka ta wasa yake tsallakewa. A Magic kowane kati yana da farashi, ana biyansa da abin da ake kira mana, wanda katunan fili ke bayarwa, kuma fili ɗaya ake ajiyewa a kowane zagaye. Ke nan kati mai farashi takwas bai kamata ya fito ba sai wasa ya yi nisa. Kusan duk kwamandan da ake kuka da shi, wannan lissafi yake karyawa ta wata hanya. Kaalia of the Vast, wadda ta fito cikin ɗaurin 2011, farashinta huɗu ne, amma duk lokacin da ta kai wa abokin hamayya hari tana sauke wani babban mayaƙi daga hannunka kyauta, in dai yana cikin jinsuna ukun da aka ambata a katinta. Yuriko, the Tiger's Shadow ta 2018 tana shigowa fage ta wata hanya da ba ta biyan ƙarin biyun nan, ko sau nawa aka kashe ta farashinta biyu ne. Urza, Lord High Artificer na 2019 yana mai da kowane kayan ƙira da ke gabanka tamkar fili. Krenko, Mob Boss yana ninka 'yan mayaƙansa duk lokacin da aka kwantar da katinsa: in suna uku har da shi su zama shida, sannan 12, 24, 48. Zur the Enchanter yana shiga cikin ɗauri da kansa ya zaro katin da yake so, in dai yana cikin irin waɗanda aka ambata a katinsa. Biyar ɗin nan ƙarfinsu iri biyar ne, don haka sharaɗi ɗaya ba zai yi musu duka ba.

Ɗauki Kaalia mu duba ta da kyau. A ce ta sauka a zagaye na huɗu, ta kai hari a na biyar, a hannunka akwai Master of Cruelties. Dokar wannan kati ita ce in yana cikin hari ba a tare shi ba, ran wanda aka kai wa harin ya koma 1. Kaalia ta sauke shi kyauta yana cikin hari, ba mai tarewa, rai 40 ya koma 1, sai dukan Kaalia mai maki biyu ya ƙarasa. Mutum ya fita daga wasa a zagaye na biyar, wataƙila bai ajiye komai ba sai filaye, kuma zai zauna yana kallo har sauran su gama. Wata hanyar ita ce ta sauke Avacyn, Angel of Hope, mai farashi takwas, wadda ke hana a lalata duk abin da ka mallaka, sannan ka jefa Armageddon ya share filayen kowa ya bar naka. Duk wanda ya taɓa zama da Kaalia waɗannan biyun yake tsoro. Sharaɗin da ya dace da ita a fili yake: kada a sa mayaƙin da farashinsa ya wuce shida, kada a sa Master of Cruelties, kada a sa mai share filaye. Da wannan, Kaalia tana nan tana aikinta, tana sauke mayaƙi kyauta kowane hari, mai ita yana jin daɗin da ya sa ya zaɓe ta, amma ribar da take ci a zagaye guda ta koma abin da tebur zai iya amsawa.

Haka za ka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Yuriko, duk lokacin da ɗaya daga cikin ninjojinka ya daki ɗan wasa, sai a buɗe katin saman ɗaurinka, kowane abokin hamayya ya rasa rai daidai da farashin katin. Shi ya sa masu ita ke cusa Draco, mai farashi 16, wanda ba su da niyyar bugawa ko kaɗan, su haɗa da katunan shirya saman ɗauri irin su Sensei's Divining Top da Vampiric Tutor. Buɗewa ɗaya ta cire 48 daga cikin rai 120 na mutum uku. Maganinta kashi biyu ne, ka sa rufi a kan farashi, a ce biyar, sannan ka cire duk abin da ke ba ka damar zaɓar katin sama. Krenko kuwa, doka ta hana sabon mayaƙi aiki sai zagayensa na gaba, kuma wannan jinkiri shi ne damar da mutum uku ke da ita su yi wani abu. Don haka abin cirewa shi ne katunan da ke ba shi damar aiki nan take, da masu tayar da shi bayan an kwantar, musamman Thornbite Staff, wanda in ya haɗu da katin sadaukar da mayaƙi irin Skirk Prospector sai ninkin ya zama ba iyaka. Urza a raba shi da Winter Orb da Static Orb, katunan da ke daskarar da kowa, alhali shi yana iya kwantar da su ya kuɓuta daga dokarsu. Zur a raba shi da Necropotence, ɗaya daga cikin katunan da yake iya zarowa. Edgar Markov na 2017 yana ba da ɗan mayaƙi kyauta tun yana zaune a gefe, inda ba mai iya taɓa shi, saboda haka a rage masa mayaƙa masu farashi ɗaya da biyu, don su ne ke sa ya cika fage kafin kowa ya shirya.

Bayan abin da ya keɓanci kwamanda, akwai abu biyu da ke ƙara wa kowane ɗauri ƙarfi, kuma a ganina sun fi komai cancantar a yanke su. Na farko katunan nemo, waɗanda ke ba ka damar shiga cikin ɗauri ka zaro duk abin da kake so, kamar Demonic Tutor mai farashi biyu kacal. Hikimar hana maimaita kati ita ce kowane wasa ya bambanta da na jiya, su kuwa waɗannan katuna rushe wannan hikima suke yi, kuma lissafi ya nuna girman abin. Zuwa zagaye na biyar ka ga kati 12, bakwai na farko da biyar da ka ja. Damar wani takamaiman kati ya kasance cikinsu 12 ce cikin 99, wato kashi 12 cikin 100. In ka ƙara katunan nemo bakwai, hanyoyin kai wa ga katin sun zama takwas, damar ta hau zuwa kusan kashi 66 cikin 100. Abin da ya kamata ya faru sau ɗaya cikin wasa takwas ya koma sau biyu cikin uku. Wannan ya sa mai cewa “ai haɗin gama wasa ɗaya tak gare ni” yana iya faɗin gaskiya kuma ya ci gaba da gallabar abokansa. Na biyu katunan gaggawar mana, masu arha da ke ba da fiye da abin da aka biya. A watan Satumba na 2024 kwamitin da ke kula da dokokin Commander a lokacin ya haramta Mana Crypt da Jeweled Lotus da Dockside Extortionist, tare da kwamanda Nadu, Winged Wisdom. Jeweled Lotus kyauta ake ajiye shi, yana ba da mana uku don kiran kwamanda kaɗai, ma'ana Urza ko Krenko na iya sauka a zagayen farko. Sol Ring, wanda ake biya ɗaya ya riƙa ba da biyu, bai shiga haramcin ba, kusan kowane ɗaurin kamfani na zuwa da shi. Duk da haka mai kwamanda mai ƙarfi ya kamata ya fara da cire shi, domin zagaye biyu da yake tsallake maka su ne zagayen da sauran ke buƙata su ajiye abin kariya.

Akwai kuma abin da ba a taɓawa. Kada ka rage filaye, 36 zuwa 38 da aka saba su zauna yadda suke, domin ɗaurin da ke tsayawa don rashin mana ba sauƙi ya yi ba, lalacewa ya yi, kuma ranar da ya sami filayensa zai dawo da duk ƙarfinsa. Kada ka cire katunan martani, masu kashe mayaƙin wani ko lalata kayansa. Mutane da yawa suna ɗaukar cire su a matsayin kirki, amma teburin mutum huɗu yana daidaita ne don kowa na da abin da zai tsayar da wanda ya yi gaba, wanda ya zo hannu rabbana ya bar wa mutum biyu aikin mutum uku. Gurbin da ka samu bayan cire katunan nemo da na gaggawa, cike shi da irin waɗannan, da katunan jan kati na matsakaicin ƙarfi.

Mutum zai iya cewa duk wannan wahala ce, a sa iyakar kuɗi kawai, a ce ɗauri kada ya wuce dala hamsin. Iyakar kuɗi tana da amfani, tana da sauƙin dubawa, kuma tana kawar da tsofaffin katuna masu tsada da ba kowa ke iya saye ba. Amma farashin kasuwa da ƙarfin kati ba tare suke tafiya ba. Tsada tana bin ƙarancin bugu da yawan masu nema. Yuriko da 'yan mayaƙa masu farashi ɗaya waɗanda ba a iya tarewa take aiki, kuma yawancinsu katunan gama-gari ne masu arha, Krenko ma haka. Ɗaurinsu na iya cika sharaɗin kuɗi ya kuma share tebur. Haka sharaɗin ado, irin su a yi amfani da zanen mai zane ɗaya, ko katunan da suka fito daga duniya ɗaya ta labarin wasan, ko katunan gama-gari zalla kamar yadda ake yi a salon Pauper. Ina son irin waɗannan sharuɗɗa, suna tilasta wa mutum tono katunan da aka manta, suna sa ɗauri ya zama na mai shi. Sai dai rage ƙarfi da suke yi dace ne, wani lokaci su yanke tushen, wani lokaci su bar shi. In za ka sa su, sa su a kan sharaɗin farko, bayan ka tabbata ya kama.

Wani kuma zai ce ai ba sai an taɓa ɗauri ba, mutum ya riƙa sassautawa lokacin wasa, in ya ga zai ci da wuri ya riƙe katinsa. Wannan ce hanyar da na fi ƙi. Wanda ke riƙe da katin nasara yana jira, shi ke yanke wa wasa lokacin ƙarewa, sauran ukun suna tunani suna lissafi a kan abin da an riga an gama. In sun gane, kuma sukan gane, nasarar da suka samu ba ta da daɗi, faɗuwar da suka yi ta fi ciwo. Shi kansa mai sassautawar ya hana kansa abin da ya kawo shi, wato ya zauna ya nemi mafi kyawun bugu. Taƙaitawa lokacin haɗa ɗauri tana warware duka biyun, domin da zarar an cakuɗa kati kana da 'yancin yin iya ƙoƙarinka, kuma kowa ya san abin da ya gani shi ne iyakar abin da ke akwai.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na suna. Mutane ba ɗaurinka suke gani ba, kwamandanka suke gani, kuma duk wanda Kaalia ta taɓa fitarwa a zagaye na biyar zai kashe ta da zarar ta sauka, ko me ka cire. Sai ka tashi da ɗauri mai rauni da kuma gabar tebur gaba ɗaya. Wannan gaskiya ne, kuma ba ya gushewa duka. Abin da ke rage shi shi ne sharaɗin ya zama gajere, wanda za a iya faɗa cikin numfashi ɗaya kuma a iya dubawa. 'Yan Commander suna da al'adar tattaunawa kafin a fara, wadda suke kira doka ta sifili. A nan “ai nawa ba mai ƙarfi ba ne” ba ta da amfani, kowa haka yake cewa. Amma in ka ce “ba mayaƙin da ya wuce shida, ba katin nemo, ba mai share filaye, ga ɗaurin ku duba,” ka ba su abin riƙewa. Da abokan da kuke haɗuwa kullum, wasa kaɗan ya isa su gaskata da idonsu. Da baƙi kuwa sai ka yi haƙuri da cewa za a kashe kwamandanka sau da yawa, ka haɗa ɗaurin yadda zai iya motsi ko ba shi. Kuma dole a yarda akwai kwamandan da ba ya ɗaukar linzami. Tergrid, God of Fright ta 2021 tana ƙwace abin da abokan hamayya suka zubar daga hannu ko suka sadaukar. In ka cire katunan da ke tilasta musu yin hakan, ba abin da ya rage mata, in ka bar su, wasan ya zama na raba mutane da katunansu. Irin wannan a ajiye ta sai teburin da ya nemi hakan da bakinsa.

Akwai mai cewa kamfani ya riga ya yi wannan aiki. Bayan haramcin 2024 wasu da suka yi asarar darajar katunansu sun riƙa aika wa 'yan kwamitin barazana, har kwamitin ya miƙa ragamar salon ga Wizards of the Coast a ƙarshen watan Satumba. A Fabrairun 2025 kamfanin ya fitar da tsarin matakai biyar, daga wasan ado zalla har zuwa na gasa, tare da jerin kati 40 da ya kira Game Changers, waɗanda ba a sa su a mataki na ɗaya da na biyu, kuma ba a wuce uku a mataki na uku. Urza da Yuriko da Tergrid duk suna cikin jerin farko. Tsarin ya ba mutane harshe ɗaya na magana, kuma ya dace ka fara da shi. Amma jerin da aka yi wa dubban ɗauri ba zai san naka ba. Draco ba ya cikinsa, domin a hannun kowa kati ne mai nauyi marar amfani, a hannun Yuriko kaɗai yake zama makami. Thornbite Staff ma haka yake da Krenko. Masu tsarin da kansu sun nanata cewa niyyar mai ɗauri ta fi bin jerin muhimmanci, wato sun bar maka aikin da ya rage.

Saura gwaji, domin sharaɗin da ba a auna ba zato ne. Zauna kai kaɗai ka cakuɗa, ka buga ɗaurin ba abokin hamayya, sau goma, kana rubuta zagayen da za ka iya fitar da mutum na farko da zagayen da za ka iya gama wasa. Abin dubawa shi ne mafi saurin sakamako, domin shi abokanka za su tuna. In wasanninku kan kai zagaye tara ko goma, ɗaurinka kuma sau biyu cikin goma ya gama a na shida, koma ka ga wane kati ne ya jawo hakan, ka cire shi ko da bai karya sharaɗinka ba, sannan ka gyara sharaɗin ya haɗa da irinsa. Bayan haka ka riƙa lura da nasara a tebur. Mutum huɗu masu ƙarfi ɗaya, rabon kowa kashi 25 cikin 100 ne. Wasa biyar ba ya nuna komai, amma in an yi ashirin kana da rabi, da sauran yanka. In kuma an yi ashirin ba ka ci ko ɗaya ba, ka wuce gona da iri, mayar da kati biyu ko uku, ka fara da masu taimaka wa kwamanda ya tsira, kafin masu ƙara masa sauri. Katunan da ka cire kada ka sayar, sa su cikin ƙaramin akwati tare da takardar da ke nuna wanne ke maye gurbin wanne, yadda in ka tarar da tebur mai ƙarfi za ka iya sauya goma ko sha biyu cikin 'yan mintoci, ka gaya musu ka sauya kafin a raba kati.